Ina Sauran Ƙyallen?

Mu nan Kiyeshe ba mu san a yar da ƙyalle ba. In aka kai wa tela turmin atamfa, ranar karɓar ɗinki uwargida za ta warware zane, ta duba riga, ta duba ɗankwali, sannan ta miƙa hannu ta ce, "Ina sauran?" Tela ya duƙa ƙarƙashin keke ya tattaro mata guntaye, ko da faɗinsu bai kai tafin hannu ba. Da su ake ƙulle kanwa da daddawa, a yi gammo, a yi wa yarinya ƴar tsana, a cusa matashin kai. Wanda ya tsufa ya koma tsumman sauke tukunya.

Shi ya sa unguwa ta ɗauka da hutun sallar da ta wuce, da wata ɗiyar maƙwabta mai karatu a Yamai ta shigo gaisuwa, mata na ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Kunnenta wasu faifai ne guda biyu masu faɗin bakin kofin shayi, an lulluɓe su da atamfa ja, an bi gefensu da zare ruwan ɗorawa, a tsakiya an yi ɗan dagi da allura.

"Ɗiyata, matso in gani," in ji Inna. "Mi ne wanga?"

"Ƴan kunne ne, Inna. Su ake yayi."

"Nawa?"

"Jika biyu."

Aka yi salati. Kaka, wadda ido ya fara yi mata nisa amma yatsa bai taɓa yi mata ƙarya ba, ta ce a ba ta. Ta latsa, ta lanƙwasa, ta kai kunne ta ƙwanƙwasa da farce. Ta ce, "Kwali ne a ciki. Ke jikanyar nan, da kin ba ni jika ɗaya da na yi miki huɗu, har da na kishiyarki." Yarinyar ta ce ai ba kwali ta saya ba, aikin hannu ta saya, kuma masu yin sa suna alfahari da cewa ba su ɓata komai, guntun yadi da iri da fata suke tattarawa don kada su zama shara. Goggo ta ce to ashe mu manyan masu kare muhalli ne tun zamanin Sarauniyar Lugu, ba wanda ya aiko mana da takarda.

Yarinyar ba ƙarya ta yi ba. Wanda ya leƙa kasuwar masu sana'ar hannu ta Wadata a Yamai, ko baje kolin mata na SAFEM, zai ga irin waɗannan: abin wuya na shadda, warwaro na atamfa, jaka mai surfani. Tun da mai tsara sutura Alphadi ya kafa bikin nunin tufafi na FIMA a 1998, cikin hamada kusa da Agadas, masu ɗinkin birni suka daina jin kunyar kayan gida. Aikin kuwa ba wani asiri gare shi ba. Warwaro, a yanko zobe daga robar ruwa, a naɗe shi da siririn ƙyalle har roba ta ɓace, a kama bakin da allura. Abin wuya, a ɗinke doguwar tsiri ta zama kamar hanji, a tura ƙwallon magarya ɗaya, a ɗaure da zare, a tura wani, a ɗaure, har a kai ƙarshe. Kafin la'asar ƙanwata ta yi guda, ta rataya wa akuya don gwaji, yara suka bi ta da tafi.

Ana cikin haka Bafulatanar da ke kawo mana nono ta sauke ƙwarya ta ce, "Ku Arawa sai yau kuka ga allura? Ku je ku kalli rigar Bororo, zare kan zare, ba wurin sa yatsa." Kaka ta ce ta fara rage ruwan da ke cikin nonon tukuna, a yi maganar ado daga baya. Wasan da ke tsakaninmu ne, kuma ta fi mu gaskiya. Amma mu ma ba da hannu wofi muka zo ba. Baduku na rina fata da karan dafi ta yi ja wur, ya ɗinke laya da kambu, ya sa musu tuntu. Matanmu na saƙa faifai da kabar da ke nan cikin Dallol Mauri, su rina ta kala-kala. Babbar rigar da Baba ke sawa ranar idi, mai aska takwas a ƙirji da tambari a baya, hannu ne ya yi ta, ɗinki ɗaya bayan ɗaya.

Inda nake ganin muna yaudarar kanmu shi ne nan. Adana ƙyalle da muke yi tattali ne na wanda bai da yawa, kuma da kuɗi sun shigo hannu, ranar Juma'a kasuwar Dogon Dutsi muka nufa, teburin mai kayan ƙyalƙyali na China. Mu sayi sarƙa mai ruwan gwal, ta yi sati tana walƙiya, zufa ta taɓa ta ta koma baƙa, kunne ya kama ƙaiƙayi. Amarya in aka sa mata ƴan kunnen atamfa a lefe, dangi za su ce an raina su. Kuma mu ɗin nan masu ririta guntun zane, mu ne ke sakin leda ga iska. Tun 2014 aka yi dokar hana ledar nan a Nijar, amma a je a dubi ƙayar aduwa a bayan gari, a tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin awaki. Wata amarya da aka kawo daga Tibiri tana yanka leda siri-siri ta saƙa jakar kuɗi da kwarashi, mai kyau kuwa, har yau ana ce mata ba ta da aikin yi.

Da aka zo maganar a riƙa yi ana aikawa Yamai, nan lissafi ya tsaya. Inna ta ce faifan kunne guda biyu, in za a yi musu surfani na kirki, yini ne cur. Wa zai yi daka, wa zai je rijiya, wa zai kai abinci gona? A nan kuma ba mai ba ka dala hamsin a kansu. Goggo ta ce rani fa, in an gama sussuka, hannu na zaune. Aka ce to sai a sami mai kai wa, mai amana, wanda ba zai dawo ya ce kaya sun jiƙe a mota ba. Kowa ta kalli ɗalibar. Ta ce ita karatu ta je yi.

Magana ba ta kwana a gida ɗaya a garin nan. Jiya Goggo ta je karɓar ɗinkin jikanta, ta miƙa hannu yadda aka saba. Tela ya ci gaba da taka keke, ya ce, "Goggo, guntayen nan fa uwar ɗiyana ta ce a riƙa ajiye mata. In kina so, dala biyar ne tuli."