Kada Ka Kori Mai Gadin Banɗakinka

Bamingham, Ingila

Zuwa ga taubashina na Rogo,

 Ya amarya da yara, ya kuma sanyin bana? Saƙonka ya iso, na kuma gane cewa mutumin da ya tashi da wankan bakin rijiya da asuba yau ya zama babban mutum, ba ya taɓa ruwa sai wanda lantarki ya ɗumama. Allah ya ƙara arziki. Ka ce tun da aka ɗaura maka shawa mai dafa ruwa da kanta, da an kunna ta minti ɗaya ko biyu sai bireka ta faɗi, gida ya yi duhu, a bar ka da sabulu a ido kana kiran yara su kawo buta. Ka ce kuma mai gyaran wuta ya ba ka shawara a cire birekar a sa babba, ko a haɗe wayar kai tsaye kowa ya huta. Dariyar sabulu tana nan, zan yi maka ita har lokacin kuɗin shara ya zagayo, amma shawarar mai gyaran nan ita ta zaunar da ni rubutu. Birekar nan ba ta da laifi. Mai gadi ce da ta ga ɓarawo ta yi ihu, kai kuma kana shirin sallamarta don ta hana ka barci.

Bari mu yi lissafi, ko da yake na san rabonka da shi tun firamare. Irin wannan shawa ba ta ajiye ruwan zafi, a cikin 'yan daƙiƙun da ruwa ke ratsa ta take dafa shi, shi ya sa ta fi kowane kayan gida cin wuta. Ƙananan da ake sayarwa a nan kilowat 7.5 ne, manyan sun haura 10. Ɗauki ta tsakiya, mai kilowat 8.5. Wutar Najeriya da ta Ingila duk bolt 230 ce a ƙa'ida, in ka raba 8,500 da 230 za ka samu amfiya kusan 37. Soket ɗin bango mai ƙafa uku amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, wayar da ake ja masa mai kaurin milimita 2.5 kuwa ba ta wuce amfiya ashirin da 'yan kai. To in mai gyaranka daga layin soket ya jawo wa shawar wuta, don a rage kuɗin waya, ya ɗora wa layin kusan ninkin abin da zai iya. Faɗuwar bireka bayan minti ɗaya ko biyu ita ce alamar haka, domin a cikinta akwai wani siririn ƙarfe da ke lanƙwashewa in ya ɗau zafi, kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya lanƙwashe. Da a ce nan take take faɗuwa da ƙara, da sai a ce wayoyi biyu ne suka haɗu a wani wuri. Tun ba a buɗe komai ba, yadda take faɗuwa ya riga ya nuna inda ciwon yake.

Za ka ce to ai magana ta ƙare, a sa bireka mai amfiya 40. Nan ne mai gyaranka ya kauce hanya. Ba shawa bireka ke karewa ba, wayar da ke cikin bango take karewa. In ka sa babbar bireka a kan siririyar waya, wutar ba za ta ragu ba, abin da ke yanke ta kafin wayar ta narke shi ka cire. Robar jikin wayar za ta yi laushi, ta ƙone a hankali a cikin silin inda ido ba ya gani. Ƙari a kan haka, alƙaluman ƙarfin waya da ke cikin littattafan sana'a an yi su ne a kan zafin iska na digiri 30, kai kuwa ka san abin da ke ƙarƙashin rufin kwano a Rogo cikin watan Afrilu. Abin da ake bukata shi ne layi na shawar ita kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta, da wayar jan ƙarfe ta gaskiya mai milimita 6 a ƙalla, gara ma 10 in nisan da yawa, sannan bireka daidai da wayar, da makunni mai yanke wayoyi biyun a lokaci ɗaya. A kuma ɗaure kowane noti tamau, domin haɗin da ya yi sako-sako a ƙarƙashin amfiya 37 zafi yake yi. In ka ji wani ƙarni kamar na kifi yana tashi daga makunnin, kada ka zargi girkin amarya, robar ce ke cin wuta.

Akwai abin da ya fi wannan tayar mini da hankali, kuma ba ka ambace shi ba ko kaɗan: atin, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa. Na san amsarka, za ka ce gidaje nawa ne a unguwarku ba su da shi kuma kowa na nan da ransa. Gaskiya ne, amma fitila da fanka da cajin waya suke amfani da su, da busasshen hannu, a kan tabarma. Kai kuwa za ka tsaya tsirara, ba takalmi, a kan jiƙaƙƙen siminti, ruwa na zuba a kanka daga akwatin da wuta ke ciki. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare wuta kamar busasshiya. Abin da zai iya rikita bugun zuciya bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, bireka mai amfiya 40 kuwa ko jin wucewarsa ba za ta yi ba. Shi ya sa ake sa wata na'ura daban mai kama yoyon wuta, wadda masu sana'a ke kira RCD, wasu su ce ELCB. Aikinta auna wutar da ta tafi da wadda ta dawo, in ta ga giɓin miliamfiya 30 sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. In an sa ta kuma ta riƙa faɗuwa da zarar an kunna shawa, ko dai ƙarfen dafa ruwan ya tsage yana yoyo, ko ruwa ya shiga haɗi, ko mai gyara ya ɗaure wayar dawowa a wurin da ba nata ba a cikin akwati, kuskuren da ake yawan yi bayan sabon aiki. Duk cikinsu babu wanda cire na'urar ke magancewa. Ka tuna kuma cewa sandan atin da aka kafa da damina ba lallai ya yi aiki da hunturu ba, domin busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai, kuma da hunturun ne kake son ruwan zafi. Sai an kafa shi da zurfi, an auna shi da mita a lokacin rani.

Za ka ce me ya sa mu a nan muke wanka da ita lafiya. Ba don Turawa sun fi mutanen Rogo ƙashin arziki ba ne. Tun 2005 dokar gini ta Ingila ta ɗaure aikin wuta na cikin gida, sabon layi irin wannan sai wanda ke da rajista ya yi shi ko a kira hukuma ta duba, kuma tun 2008 ƙa'idarsu ta wajabta na'urar kama yoyo a kan layukan banɗaki. Sannan an ƙera shawar ne don famfon gwamnati mai ƙarfi, tana son matsin ruwa kwatankwacin na tankin da ke sama da ita da mita 10. Naka tankin da ke kan ƙarfe mita uku ko huɗu ba zai ba ta ko rabin haka ba, sai ta ƙi kunna wutar dafawa, ko ruwan ya yi zafin da za ta kashe kanta, ka ce ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Haka in wuta ta zo ba ƙarfi: idan bolt 230 ya sauka zuwa 180, zafin da za ta bayar kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai. Ƙaramin janareta kuwa bai kai kilowat ɗaya ba, inbata mai 5 ma ba za ta ɗauke ta ba. Ko da mu 'yan Karaye za mu ba ku aron dam ɗin Challawa gaba ɗaya, tunda har yanzu a ƙarƙashin masarautar Karaye kuke, lissafin nan ba zai canja ba.

Saura maganar kuɗi, wadda na san ita ce a ranka, domin hannunka bai taɓa saurin shiga aljihu ba. Waya mai milimita 10 da na'urar yoyo da sandan atin da ɗan injin ƙara matsin ruwa za su iya fin shawar kanta tsada, ban musa ba. In abin ya yi nauyi, akwai hanyar da ta fi dacewa da gidanka. Bokiti mai lita 20, a ɗaga zafinsa daga digiri 20 zuwa 40, bai cin rabin yunit na mita. Hita mai tanki da ake ratayewa a bango, mai kilowat 1.5 ko 2, amfiya 7 zuwa 9 take ja, ta dafa ruwan a hankali lokacin da akwai wuta ta ajiye maka shi, ko da yake ita ma sai da atin da na'urar yoyo. Akwai kuma tankin da rana ke dafawa a kan rufi, rana kuwa ba a taɓa ɗauke muku ita ba. Abin da ban yarda da shi ba ko kusa shi ne komawa ga hitar nan ta tsomawa cikin bokiti, a gidan da yara ke sa hannu su ji ko ruwa ya yi.

Saboda haka ka kashe layin shawar daga akwati tun yau, kada kowa ya shiga ƙarƙashinta. Ka nemo mai aikin wuta da ke da takardar shaidar hukumar NEMSA, ko da daga Kano za a ɗauko shi, wanda zai zo da mitar awo ba sukundireba mai fitila kaɗai ba. Ya faɗa maka kaurin wayar, da girman birekar, da abin da atin ya nuna, ka turo mini alƙaluman da hoton takardar da ke jikin shawar. Kuɗin na'urar yoyo a kaina, in ya so mu cire a cikin kuɗin shara. Ka gaishe mini da Gwaggo da su Kawu, ka ce wa amarya ta ɗora tukunyar ruwan wanka kafin mai awon ya zo.

Naka taubashi,
ɗan Karaye