Bature, Kai Ne Gola

Tun 1950 mishan ta SIM ke da asibiti a Galmi, garin albasa a jihar Tawa ta Nijar, kuma shekara da shekaru masu aikin sa kai daga Amurka na zuwa. Makon farko akwai wuya: ga zafin bazara, ga gaisuwar da ba ta ƙarewa, baƙo kuwa bai iya komai ba sai "lahiya lau".

Da la'asar sakaliya sai filin ƙwallo. Yara ba takalmi, duwatsu biyu ne raga. Da sun ji cewa a ƙasar baƙon rungumar ƙwallo ake yi a sheƙa da gudu, sai su yanke hukunci: "Bature, kai ne gola."

Akan zura masa biyar, amma washegari su ne a ƙofarsa suna sallama.