Yadda Ake Shiga Gidan Manhajar Mutane Ba Tare da An Ɓata Ba

Baƙo ko da ido makaho ne. Duk wanda ya taɓa sauko da buɗaɗɗiyar manhaja daga GitHub ya san haka: ɗaki cikin ɗaki, lungu bayan lungu, ga masu gida ba sa nan. In ka ce sai ka karanta komai layi-layi, ɗan'uwa, a zaure furfura za ta same ka. Nemi ɗan jagora, wato dibaga, abin farautar ƙwaro (kuskuren manhaja) da ke cikin VS Code.

Na ɗaya, zaɓi mutum guda ka bi sawunsa. Ɗauki Requests, ɗakin karatun Python da Kenneth Reitz ya fara a 2011. Rubuta layi ɗaya tak, requests.get, ka ba shi adireshin wani shafi. Shi ne ɗan aiken da za ka bi.

Na biyu, kafa shinge. Danna F9 a kan layin, jan ɗigo ya bayyana, sannan ka danna F5. Ɗan aike zai taho a guje, ya ci birki a gabanka kamar direban da ya hango 'yan sanda.

Na uku, karɓi makullin cikin gida. A fayil ɗin launch.json akwai justMyCode, wanda ke tsare ka a cikin abin da ka rubuta da hannunka. Mayar da shi false, in ba haka ba ka yi ta sallama ba mai amsawa.

Na huɗu, san ƙafafunka. F11 shiga ɗaki ne, F10 wucewa ta ƙofa da gaisuwa, Shift da F11 kuwa sallamar fita ce. Da F11 za ka faɗa api.py, ka ga ashe get ɗan aiken wani ne: yana miƙa saƙo ga request, shi kuma ya buɗe Session a sessions.py. Can ake yi wa saƙon ado. Zuba ido a gefen hagu, inda ake nuna abin da kowane suna ke ɗauke da shi, ka ga an manna masa User-Agent, hular da ba kai ka ɗinka ba. Daga nan sai adapters.py, inda ake damƙa shi ga urllib3, mai fita titi.

Na biyar, kada kwaɗayin F11 ya ja ka. Mai shiga kowane ɗaki, dare zai yi masa a gidan maƙwabta. In ka rikice, duba jerin kiraye-kiraye: zai gaya maka wa ya aiki wa, har zuwa layinka na farko.

Bi ɗan aiken nan sau uku, kana rubuta sunayen ɗakuna a takarda. A karo na huɗu, kafin ka danna F11, faɗi inda za ka faɗa. Ranar da ka canka daidai, ka tashi daga baƙo, ka zama ɗan gida. Sai ka nemi tsintsiya, ka share ƙwaro ɗaya, ka aika wa masu gida gyaranka. Yaba kyauta tukuici.