Kabewa Ta Shiga Aji

Da watan Oktoba ya kama a Amurka, sai kabewa ta mamaye azuzuwan yara masu buƙata ta musamman. Ba ta miyar taushe ba ce, 'yan mitsi-mitsi ne na roba da na takarda, waɗanda malama ta raba dare tana yankawa da almakashi don ta zuba a akwatunan aikin ɗalibanta. Disamba na zuwa a kwashe su a zuba mutum-mutumin ƙanƙara, Fabrairu a kawo jajayen zukata, lokacin Ista kuma ƙwan roba. Mai kallo daga nesa zai ce baiwar Allahn nan aikin yi ta rasa. Ni kam ina bayanta, amma da sharaɗi.

Akwatin nan yana da asali. Ya fito ne daga tsarin TEACCH, wanda Eric Schopler ya jagoranta a Jami'ar Karolina ta Arewa, jihar kuma ta rungume shi a 1972 domin yara masu galahanga. Kowane akwati aiki ɗaya ne mai farko da ƙarshe: ware launuka, ƙirga, ko haɗa abu da ɗan'uwansa. Yaro ya ɗauko daga hagu, ya yi, ya ajiye a kwandon gamammen aiki da ke dama, ba tare da babba ya tsaya masa a ka ba. Inda gizo ke saƙa shi ne, da yawa daga cikin yaran nan in sun koyi abu da wani kaya, sai ilimin ya manne wa kayan. Yaron da ya shekara yana ƙirga murafun kwalba goma babu kuskure, ka miƙa masa cokula goma sai ya bi ka da ido kamar ka zo karɓar bashin kakansa. Alhali takardar shirin karatunsa, wadda dokar Amurka ta wajabta tun 1975 a rubuta wa kowane ɗalibi irinsa, cewa ta yi ya iya ƙirga zuwa goma. Ba ta nemi ya zama Sarkin Murafu ba. Sauyin yanayi kuwa yana tuna wa malama, sau da yawa a shekara, ta jarraba ko ƙirgar na kan yaron ne ko tana cikin akwati.

Za a ce ai yaran nan ba abin da suka ƙi jini irin canji. Gaskiya ne, kuma a nan sharaɗina yake. Malamar da zumuɗi ya ɗebe ta, ta sauya kaya, ta sauya akwati, ta mayar da goma ashirin, ta kuma matsar da teburi kusa da taga duk a safiyar Litinin ɗaya, kada ta kai ƙarar kowa in kabewa ta fara shawagi a sararin aji. Abu ɗaya ake taɓawa. Akwati na nan, mazauni na nan, adadi na nan, abin ƙirgawa kaɗai ne baƙo. Ta haka yaro ke sabawa da ƙaramin canji a wurin da hankalinsa yake kwance, kafin duniya ta kawo masa babba ba sallama.

Masu cewa ɓarnar kuɗi ce su ma ba a banza suka faɗa ba. Malaman Amurka daga aljihunsu suke sayen kayan aji da yawa, abin da hukumar haraji ta yarda su cire daga kuɗin shigar da ake yi wa haraji a 2022 kuwa dala 300 ne. Amma babu wanda ya ce sai an je kanti. Busasshen ganye yana zube a farfajiyar makaranta kyauta, kuma ya ƙirgu. Wadda ta sayo ƙyalƙyali don a ɗauki hoton akwati a sa a shafin intanet na Pinterest, ita ta jawo wa kanta, domin har ƙarshen zango za a riƙa ganinsa a girarta. Wake da ƙananan maɓallai kuma sai an san yaron, don akwai wanda hancinsa ne ma'ajiyarsa.

Malamin Kano ko Damagaram da ya ci karo da dabarar a intanet, don Allah ya bar mutum-mutumin ƙanƙara inda ya gan shi, kada ya ƙara wa yaro aikin tantance wannan wane irin aljani ne mai hancin karas. Da kaka akwai totuwar masara, da bazara akwai ƙwallon mangwaro a kowane lungu. Dabinon azumi ne kawai ba na ba da shawara, domin za a zuba goma, yaro ya ƙirga bakwai, kuma lissafinsa daidai ne.