Sai da siki ake fita

Mu dai a layinmu, da an sallame sallar isha'i aka ɗauke wuta, ba a tambayar abin da za a yi. Auta ne zai ruga ɗaki ya ɗauko allon lido, wanda gilashinsa ya tsage tun bara aka liƙe da salatif. A shimfiɗa tabarma, a jingina fitilar waya a jikin buta. Kafin ka ce kwabo mutum huɗu sun zauna, wasu takwas sun tsaya a kansu suna ba da shawarar da ba wanda ya nema.

Kowa a cikinmu zai ce maka wasan yara ne. Kawu ma haka yake faɗa, har sai ɗan gwangwanin ya shiga hannunsa. Nan za ka ga dattijo da furfurarsa yana kaɗa ƙwaya kamar mai bin bashi, ya hura mata iska, ya kife gwangwanin a kan gilashi, ya ɗaga gefe ɗaya yana leƙe. Biyu da ɗaya. 'Ya'yansa huɗu suna zaune a gida, na Auta har sun sha kwana.

"Kawu, ko in kaɗa muku?"

"Rufe min baki, ja'iri. Ban fara ba ne."

Asalin abin daga Indiya yake, can suna kiransa pachisi, kuma wuri suke watsawa. Turawan Ingila ne suka rage masa tsawo, suka sa ƙwaya mai ɗigo-ɗigo, aka yi masa rajista da sunan Ludo a 1896. Ƙwaya ɗaya tal suke kaɗawa. Da ya iso hannunmu sai muka ga wannan ai jiran gawon shanu ne, muka mai da ita biyu. Ba mu tsaya nan ba. A dokarmu, in ka ci ɗan wani, nasa ya koma gida ya sake jiran siki, wato shida, naka kuwa ya fita ke nan, ba sai ya zagaye allo ba. Shi ya sa ba mai damuwa da isa gida lafiya, kowa farauta yake. Wasan da zai cinye dare sai ya ƙare kafin shayi ya huce, a sake sabon zubi, wanda aka cinye yana rantsuwar ramuwa.

Masu lissafi sun ce siki biyu a kaɗawa ɗaya sau ɗaya take zuwa cikin 36. Yaya kuwa sau uku yake samunta a dare guda. Ba mu ce komai ba, amma yanzu an sa yaro na musamman yana kallon babban yatsansa.

Ita kuwa Goggo, ƙirga ce sana'arta. In ta samu biyar, ɗan wani kuma yana taki shida a gabanta, yatsanta ya san inda zai tsallake. Ɗaya, biyu, uku, ka ɗan ƙifta ido, ta ci. Ka ce, "Goggo, a sake ƙirgawa mana," ta ce ita da ta goya ubanka za ka koya wa lissafi? Sai ka kwashe ɗanka ka mayar gida, kana ji kana gani.

Kuɗi dai ba sa hawa tabarmarmu, ko na goro. Malamai da yawa ba sa son wasan ƙwaya ko da ba caca, mun kuma sani. In aka ji gyaran muryar Liman daga kan kwana, zanin Inna ne ke rufe allon, kowa ya shiga tambayar lafiyar iyali da ladabin da ba a san shi da shi ba.

A zaman kullen korona na 2020 samari suka kawo mana Ludo King a waya. Goggo ta gwada sau ɗaya ta ajiye. Wayar ce ke kaɗawa, ita ce ke ƙirgawa, ba a hura mata iska, ba ta kuma san babba ba.

Saura magana ɗaya. Ɗan shuɗi guda ya ɓace tun daren Juma'a, da marfin kwalba muke maneji. Duk wanda ya tafi da shi a aljihu don haushin an cinye shi, ya dawo da shi kafin isha'i. Kawu, ba da ku nake ba.