Masu Kallon Tsuntsaye a Abuja, Kowa da Halinsa

Ranar Asabar bayan sallar asuba, idan ka bi hanyar Bwari ka ratse ta Ushafa, kana iya tarar da wasu mutane a bakin madatsar ruwan Usuma, kowa ya ɗaga kai sama, tabarau mai hangen nesa rataye a wuya. Ba jinjirin wata suke nema ba. Tsuntsaye suka zo kallo, sai dai masu kallon sun fi tsuntsayen ban kallo.

Na gaba-gaba shi ne mai lissafi. An gaya masa Najeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900, shi kuwa ya ɗauki abin kamar bashin da ake binsa. Ba ruwansa da kyan fiffike ko daɗin kuka; da tsuntsu ya gilma sai ya dangwala waya, ya shigar da suna, ya yi gaba. Ya taɓa zuwa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, kuma kafin hantsi sai ka sha labarin har ya gundure ka. Balbela ba ta isa ya waiwaya ba. Amma bari wata 'yar mitsitsiya mai ruwan ƙasa ta motsa cikin ciyawa, a ce ai baƙuwa ce daga Turai, ta ƙetaro Sahara ta zo cin hunturu, nan take jikinsa ya hau ɓari. In kai ka gan ta shi bai gani ba, to ranar ko gaisuwarka ba zai amsa ba.

Sai mai kyamara, wanda kuɗin kayansa ya isa hayar gida a Kubwa. Zalɓe zai tsaya cik a bakin ruwa yana jiransa ya gama kafa ƙafafun kyamarar, da ya kai yatsa sai ya tashi. Hotunan rassa da na ruwa zalla kam, yana da su jibgi.

Alhaji kuwa likita ne ya ce ya riƙa tattaki. Da farar shadda ya zo, da takalmi sau-ciki. Jagora ya roƙi kowa ya yi ƙasa da murya, an yi sanɗa an kusa garken kirinjijiya, sai waya ta ɗau ruri. "Ranka ya daɗe! An sa hannu a takardar?" Garken ya tashi baki ɗaya. Ko a jikinsa. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya ce, "Ai yanzu ma aka fi ganin su."

Wanda na fi so shi ne tubabben maharbi. Da danƙo ya tashi a ƙauye, shi ya sa idonsa ke riga tabaran kowa. Shi zai nuna maka makwarwa a gindin kalgo, ya hango hasbiya a kan dutse. Matsalar ɗaya ce: kowace tsuntsuwa da nauyinta yake auna ta. "Wannan za ta yi romo," in ji shi, sa'an nan ya yi istigfari. Ya rantse ya daina, amma aljihunsa ba ya rabo da tsakuwa. Duk da haka daga bakinsa za ka ji maganar da ta fi nauyi, cewa ungulun da a da ke cika mahauta yanzu sai an tona. Gaskiyarsa kuwa, tun 2015 aka saka ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, kuma cinikin kawunanta a wajen masu magani na cikin dalilan.

Matsoraci ba ya buƙatar dogon bayani. Ganye ya motsa, maciji. Guza ya faɗa ruwa, kada. Biri ya leƙo daga kan dutse, shi tuni yana cikin mota.

Hajiya ta saba da shimfiɗa darduma a Millennium Park, don haka ta iso da kuloli da fulas ɗin shayi. Da sassafe ana zunɗenta, ƙarfe goma na yi kowa ya koma "Hajiya, a taimaka mana da ɗan ƙosai." Ita kaɗai ce ta taɓa ganin shirwa ido da ido, ranar da ta sure mata tsoka daga faranti.

Akwai kuma wanda ba ya cikin tafiyar, dattijon Gbagyi da ke wucewa gona da fartanya a kafaɗa. Wajen watan Afrilu zai same su sun duƙufa kan littafi suna gardama. Bai ko ɗaga kai ba zai ce shamuwa ce, shekaranjiya ta sauka, ruwa ya kusa. Sai a yi masa caa: "Baba, wancan fa?" Ya amsa musu duka, da kukan kawai. Can ya dubi motocin da aka jera, ya tambayi nawa gwamnati ke biyansu. Aka ce ko sisi. Ya ce, "To in kun gan su, sai ku yi yaya da su?" Mai lissafi ya miƙo masa waya yana nuna jerin sunaye. Kafin Baba ya gama duba, maharbi ya ja shi gefe yana tambayar inda zabin daji ke kwana.