Yaya da Tsohon Injin Seagull

A gabar kudancin Ingila akwai wani gari mai suna Poole, wanda masu tara tsofaffin injinan kwalekwale ba sa ambatarsa sai da girmamawa. A can aka daɗe ana ƙera British Seagull, ɗan injin nan da ake ratayawa a gindin kwalekwale ya tura shi da farfela. Kamfanin Marston na Wolverhampton, masu baburan Sunbeam, su suka fara fito da shi a 1931. Daga baya John Way-Hope da Bill Pinniger suka sayi sana'ar suka kai ta Poole, sojojin Birtaniya suka more shi a Yaƙin Duniya na Biyu, aka ci gaba da ƙera shi har 1996. Kamfani ya tsaya, injinan kuwa sun ƙi mutuwa. Har yau suna jingine a garejin mutane, suna jiran wanda tsautsayi zai aiko.

Tsautsayin ya aiko yayana. Bakatsine ne da ya daɗe a ƙasar yana aikin harhaɗa magunguna, kuma kafin wannan lamari ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne na bahon wanka. Wata Lahadi ya je kasuwar gwanjo neman keken yara, ya dawo da wani dogon ƙarfe mai tsatsa a kafaɗa, da tankin tagulla a kansa. Matarsa ta leƙo daga kicin, ta dube shi sama da ƙasa.

"Baban Ummi, injin markaɗe ka sayo mana?"

Ni na zo hutu ne, aka naɗa ni yaron makanike ba tare da an nemi ra'ayina ba.

A gaskiya injin ba shi da wani sirri. Silinda ɗaya ce, fulogi ɗaya, ba batir, ba makulli. A samansa akwai faifan ƙarfe mai maganaɗisu a ciki, wanda juyawarsa ke haifar da wutar fulogi. Gyaran irinsa ma sananne ne: a jiƙa fistin da mai har ya saki, a wanke kafireta daga tsohon fetur da ya daskare ya zama danƙo, a goge bakin wayoyin wuta da samfefa, a zuƙe hanyoyin ruwan sanyaya da gishirin teku ya toshe. Inda Yaya ya fara cin tuwon ƙasa shi ne wurin notuna. Duk sifanun gidan na awon milimita ne, notunan Seagull kuwa na tsohon awon Whitworth, wanda Joseph Whitworth ya tsara tun 1841. Wannan sifana ta yi yawa, waccan ta yi kaɗan. Sai da ya lalata kan notuna biyu da fatar yatsa uku kafin ya yarda ya sayi na gaske, kuɗinsu ya kusa na injin.

Yana aiki yana yi mini karatu, don a 'yan makonnin nan ya zama malamin tarihi. Ya ce wani Bafaranshe, Gustave Trouvé, ya tuƙa kwalekwale da ɗan injin lantarki a kogin Seine tun 1881, Cameron Waterman kuma ya gwada na fetur a Detroit a 1905. Amma wanda ya ci sunan shi ne Ole Evinrude, ɗan asalin Norway da ya tashi a jihar Wisconsin. Labarin da ake bayarwa shi ne ya tuƙa kwalekwale da filafili ya tsallaka tafki cikin zafi don ya sayo wa budurwarsa Bess askirim, kafin ya dawo ya narke. Haushin wannan ne, wai, ya haifi injin da ya fara sayarwa a 1909, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi da nauyin kusan kilo 28. Ni dai abin da na ɗauka shi ne tun farkon sana'ar akwai namiji mai gumi da mace mai kallonsa, kuma a garejinmu ba abin da ya canza.

Sai batun mai. Injinan zamani irin Yamaha da ke dakon mutane a kogin Kwara, fetur kashi 50 ake haɗa musu da baƙin mai kashi 1. Tsohon Seagull kashi 10 da 1 yake sha. Da Yaya ya gwada shi cikin durom ɗin shara cike da ruwa, ya tashi a ja na uku, unguwa ta turnuƙe da shuɗin hayaƙi, shanyar maƙwabciya ta koma wanki.

Ranar fita ya ari ƙaramin kwalekwale muka nufi mashigin Poole, mahaifar injin. Ana tayar da shi da igiya ce tsirara: a naɗa ta a faifan, a fizga, ƙarshenta mai ƙulli ya fice ya nemi duk wanda ke bayan mai ja. Ni ne a bayan mai ja. Kuma samfurin da Yaya ya sayo ba shi da kuloci, ba shi da ribas. Yana tashi yake tafiya. Muka bar gaɓa da gudu, ina riƙe da kunne, Yaya yana riƙe da sitiyari yana ɗaga wa masu manyan jirage hannu.

Ba mu yi nisa ba injin ya yi tari, ya yi shiru.

Yaya ya ja. Ya sake ja. Ya cire fulogi, ya hura, ya goga a riga, ya mayar, ya ja. Ana haka ruwa yana janyewa, don mashigin nan faɗi gare shi ba zurfi, kuma idan teku ta koma sai laka ta karɓi gari. Muka gangara a hankali har gindin kwalekwale ya zauna, tsibirin Brownsea yana kallonmu. Yaya ya naɗe wando ya sauka don ya tura, laka ta karɓi takalminsa na hagu ba ta bayar da rasit ba.

Wani dattijo Bature ya matso da nasa kwalekwalen. Bai tambayi komai ba. Ya miƙa hannu kan murfin tanki, ya murɗa wani ɗan sukuru da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Hanyar iska ce: in tana rufe, fetur ba ya gangarowa, injin ya shanye abin da ke kafireta ya kwanta. Ya danna ɗan maɓallin kafireta har fetur ya ɗigo, ya nuna wa Yaya igiya.

Yaya, yana tsaye cikin ruwa a gefen kwalekwalen da ya riga ya tura ya saki laka, ya naɗa ya fizga. Ja ɗaya.

Kwalekwale ya tafi da ni. Sitiyari ya karkace gefe, muka shiga zagaye, ni da injin, muna wuce Yaya muna dawowa. Dattijon yana ihu in rufe famfon mai, Yaya yana ihu in riƙe sitiyari, ni ina salati. Da na lalubo famfon na rufe, injin bai ga dalilin gaggawa ba, sai da ya ƙarasa abin da ke cikinsa tukuna, zagaye biyu cur.

Dattijon ya ja ni zuwa inda Yaya yake tsaye, laka har gwiwa, igiya a hannu, baki har kunne.

"Kai, ƙanena, ka ji sautin nan kuwa? Ko tari bai yi ba!"

"Yaya, don Allah shigo mu tafi gida."

"To matsa can. Ka zauna ta bayana, zan sake ja."